Falwaya da Sitiyarin Giwa

A duk danginmu babu gajere kamar ɗan gwaggona, shi ya sa tun yana yaro aka laƙaba masa Falwaya, sunan kuma ya bi shi har furfura. Mutum ne da in ya tsaya gaban teburin mai shayi ya yi sallama, sai mai shayi ya leƙo ƙasa yana neman mai maganar. Gwaggo da kanta ta ce ranar da ta haife shi, ungozoma ta daɗe tana jiran fitowar sauran. Amma abin da Allah ya rage masa a ƙafa ya cika masa a hannu. In Falwaya ya riƙe sitiyari, kana iya ɗora kofin ruwa a gwiwarka, ku faɗa rami ku fito, ruwan bai san an yi tafiya ba.

A tasha ya tashi, yana karen mota. A can ya yi aboki, wani siririn yaro mai bakin tsiya da ake kira Ƙwaro. Ƙarƙashin babbar mota ɗaya suke kwana, bargo ɗaya, cokali ɗaya. Falwaya ya koyi tuƙi, Ƙwaro ya koyi magana, kuma kowa ya san wanne ne a ciki yake sa mutum ya yi tumbi. Ƙwaro ya bar tasha, ya shiga kwangilar kwalbatoci, daga kwalbati ya hau titi, daga titi ya hau gada. Rannan sai ga shi a tasha cikin ƙamshin turare, ya dafa kafaɗar Falwaya ya ce, "Mutumina, ba zan ba bare wuyana ba. Zo ka ja ni."

Tun daga ranar sunan Ƙwaro ya mutu, Falwaya ya binne shi da hannunsa. Sai Maigida, sai ranka ya daɗe. In wani tsohon ɗan tasha ya kuskura ya ambaci tsohon sunan a gabansa, sai ya yi tsalle ya kai wa mutum duka a gwiwa, don nan hannunsa yake kaiwa. Shekara da shekaru yana jan mutumin nan. Ya kai matarsa asibiti haihuwa, ya kai 'ya'yansa makaranta har suka fi shi tsawo, wanda dai ba wani dogon jira ba ne. Shi kuma Maigida bai taɓa zama a baya ba. Gaba yake zama, suna tafe suna tuna direbobin da suka zane su da bel, suna dariya har da hawaye. Falwaya yakan ce, "Ni ba yaron gida ba ne, ni ɗan'uwa ne da ke riƙe da maƙulli."

Sai Maigida ya sayo Giwa.

Falwaya ne ya raɗa mata sunan. Baƙa ce wuluk, mai dogayen ƙafafu, irin motocin nan na manya da in suka shigo layi sai sauran motoci su ji kunyar kansu. Kujerunta fata ce, suna hura wa mutum sanyi a baya, in ya so su matsa masa ƙugu. In ka manta ba ka ɗaura bel ba sai ta yi ta mita kamar surukar da aka ci wa bashin gaisuwa. Hawanta kuwa ga Falwaya aiki ne sosai: ya kama ƙofa, ya taka matakala, ya yi bismilla, sannan ya jefa kansa. Mun ce a saya masa tsani, ya ce mu sayi hankali tukuna.

Ya so motar nan so na hauka. Tsumma uku ya ware mata, na gilashi daban, na jiki daban, na taya daban, kuma tsumman gilashin ya fi tawul ɗin wankansa laushi. Matarsa, Uwar Biyu, wadda ke ɗinki a ɗan shagon ƙofar gidansu, ta ce, "Baban Biyu, da ma tayoyi na haifa maka, da kullum sai ka durƙusa ka duba lafiyarsu."

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a maƙoshi: ba a ba shi ita ya ja. Maigida tsohon ɗan tasha ne, hannunsa na ƙaiƙayin sitiyari, shi yake jan abarsa, Falwaya na gefe rungume da jaka kamar buhun da aka rage wa hanya. In Maigida ya gaji, babban ɗansa ya karɓa, wani saurayi mai jan mota kamar yana gudun biyan haraji. Rabon Falwaya wanki ne da zuwa gidan mai. Daga gida zuwa gidan mai kuwa ko giya ba ta gama canzawa.

Wata safiya yana tsugune yana goge taya, Maigida ya fito ya tsaya a kansa, yana juya maƙulli a yatsa.

"Mutumina."

"Ranka ya daɗe."

"Na yi tunani. Mota irin wannan ba ta son hannu biyu. Daga yau ba mai taɓa sitiyarin nan sai kai. Ko ni. Ko wancan yaron."

Falwaya ya miƙe, duk da dai miƙewarsa da tsugunonsa ba su da wani bambanci. "Ni, ranka ya daɗe?"

"Kai. Wa nake da shi da ya wuce ka? Daga yau kai ne Kyaftin." Ya saka masa maƙulli a tafin hannu, ya naɗe masa yatsu a kai. Sannan ya zagaya ya buɗe ƙofar baya ya shiga.

"Ba gaba ba, ranka ya daɗe?"

"Kyaftin ba ya son surutu a gefensa. Mu je."

Da yammar ranar, Falwaya ya shigo ɗakin Gwaggo inda muke taruwa, maƙullin na rataye a wuyansa da igiyar takalmi. Bai zauna a tabarma ba, kujera ya nema.

"Inna, yau an san darajar ɗanki."

Gwaggo ta dube shi ta saman gilashinta. "An ƙara maka tsawo ne?"

"An ba ni Giwa. Ɗan cikinsa ya hana, ya ba ni. Ɗan cikinsa fa, Inna!"

"To Allah ya sa alheri, ɗan nan. Amma ni ban taɓa ganin kura ta ba akuya ajiyar nama ba."

"Ai shi ba kura ba ne. Bargo ɗaya muka rufa."

Muka ce to Kyaftin, yaushe za a tashi jirgin? Ya ce ranar da muka yi wanka.

Bayan kwana biyu Maigida ya fara koya masa zaman manya. Ya leƙo ta taga ya ce, "Me ya sa kake manne wa sitiyari kamar jinjiri da nono? Ja kujerar nan baya. Ƙara. Ƙara dai. Manyan direbobi daga nesa suke tuƙi, hannu a miƙe."

Jama'a, ku auna. Mutumin da ko a kusa sai da dabara ƙafarsa ke kaiwa burki, an ce ya koma baya. Sai da Uwar Biyu ta ɗinka masa wani ɗan matashi ya tokare ƙugu, ya zame ya kwanta rabi, yana taka totur da babban yatsa kamar mai gwada zafin ruwan wanka. In Giwa ta wuce ka a titi ba ka ganin kowa a ciki sai hula da hannaye biyu. Mutanen layinsu suka fara cewa motar da kanta take tafiya, wata tsohuwa har tofi take yi in ta gan ta.

Sai kuma tabarau. Maigida ya kawo masa wani ƙato mai kauri, irin wanda ke rufe ido har gefen kunne, ya ce kada ya kuskura ya tuƙa ba da shi ba, ko da hadari ya rufe rana. Falwaya ya sa shi ya zo mana. Muka ce ya yi kama da fara. Ya ce hassada ga mai rabo taki.

Dokoki suka yi ta zuwa, shi kuma yana karɓarsu kamar lambar yabo. Kada ya yi gudu. Kada ya matsi motar gaba, ya bar fili wanda tirela za ta iya juyawa. Matar Maigida da yara suka koma tsohuwar mota da wani direban, Falwaya ya ce ai dole, Giwa ta zama ta shi da amininsa kaɗai. Babban ɗan ya taɓa ɗaukar maƙulli a ɓoye, uban ya biyo shi da gudu ba takalmi, ya fizge, ya zazzage shi a gaban maigadi har yaron ya yi ƙwalla. Falwaya ya ba mu labarin nan ya fi a ƙirga, kullum da ƙarin gishiri. "Ya ce masa, kai ba ka kai ba! Kyaftin kaɗai!"

Akwai ranar da wani mai babur ya gitta musu a mahaɗa. Falwaya ya miƙa yatsa ya taka burki, Giwa ta tsaya cak, saura ƙiris. Ya waiga don ya ga ko an yaba, sai ya tarar babu kowa a kujerar baya. Maigida na ƙasa, ya cusa kai bayan kujera, ya rufe keya da jaka.

"Ranka ya daɗe, ko ƙuda ban taɓa ba."

Maigida ya ɗago, gumi na ɗiga daga haɓarsa. "Ba ka taɓa shi ba? Ka tabbata? Kai lafiyarka ƙalau?"

"Ƙalau."

"Fuskarka fa?"

Falwaya ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Da ya zo gida ya ce wa Uwar Biyu, "Kin ga ƙauna? Shi ya faɗi, amma fuskata yake tambaya."

Doka ɗaya ce kawai ta ƙi shiga kansa. Da lokacin juye ya yi, wato canjin baƙin mai, Maigida ya ce kada ya kai ta kamfanin da aka sayo ta, ya kai wa bakaniken bakin kasuwa. Falwaya ya ce to. Bakaniken nan da guduma yake gaisawa da kowace mota. A ce shi zai shiga ƙarƙashin Giwa da hannun da ya gama dukan tsohuwar akori-kura? Ya kwana yana juyi. Da safe, bayan ya sauke Maigida a gida daga wani zagaye, ya ce zai je juye, ya karya kan mota ya nufi kamfani. A ransa yana cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, Maigida zai gode masa daga baya.

Kamfanin wuri ne mai gilashi ta ko'ina, ƙasansa na sheƙi har mutum na ganin ƙasan haɓarsa. Bai gama jefo kansa daga mota ba, sai ga wata mata ta taso daga bayan tebur da sauri, takalminta na ƙwas-ƙwas.

"Malam, kai ka tuƙo ta?"

Falwaya ya gyara tabarau. "Ni ne Kyaftin ɗinta. Juye za a yi mata, kuma a wanke hannu kafin a taɓa."

"Tuƙo ta ka yi? A titi? Tun yaushe kake jan ta?"

"An kwana biyu. Ni kaɗai aka yarda da ni."

Matar ta dube shi, ta dubi motar, ta ce ya zo ya zauna. Ta sa aka kawo masa ruwa. Shi a zatonsa karramawa ce.

"Baba, mai motar bai gaya maka komai ba?"

"Game da me, 'yata?"

Ta nuna masa tsakiyar sitiyari ta gilashi. Ta ce a ciki akwai jakar iska, wadda in an yi karo take kumbura ta tare fuskar direba. Falwaya ya ce ya sani, shi ba baƙon mota ba ne. Ta ce to ta wannan samfurin an gano tana da aibi tun daga masana'anta. Ba kumbura kawai take yi ba, ƙarfen da ke riƙe da ita ne yake tarwatsewa, ya watso gutsattsari a fuska da wuyan wanda ke zaune a gabanta. Kuma ba sai babban karo ba, ɗan gwaren da ba zai fasa fitila ba ma ya isa. Masu ƙera motar sun yi kira a dawo da duk irinta a canza abin kyauta, amma kayan ba su iso ba tukuna.

"Ni da bakina na kira shi," in ji ta. "Ba sau ɗaya ba. Ya zo nan, ya zauna a kujerar da kake kai. Na ce a ajiye ta, kada kowa ya ja. Muka ce za mu ba shi aron wata ƙarama kafin kaya su zo. Ya leƙa ya gan ta, ya ce shi ba za a gan shi a cikin kwalin ashana ba, masu ba da kwangila mota suke fara kallo kafin mutum."

Falwaya ya ce, "Na baya fa? Wanda ke zaune a baya?"

"Na baya ba ruwansa. Direba ne kawai. Har tambayata ya yi, wai in mutum ya ja kujera baya sosai, abin zai rage? Na ce ban sani ba, kada ya gwada. Ya ce mini zai ajiye ta."

Falwaya ya ɗaga kofin ruwa, ya mayar bai sha ba. Abubuwa suka riƙa dawo masa ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya juyo da ainihin fuskarsa. Gudun da uba ya yi ba takalmi. Matar gida da yara a tsohuwar mota. Fuskarka fa? Ya sa hannu ya taɓa tabarau ɗin da ke hancinsa, ya ji kaurinsa.

Matar ta roƙe shi ya bar motar a nan. Ya ce a'a, inda ya ɗauko ta nan zai mayar, amanar da aka ba shi ke nan. Ya hau. Bai taɓa sanin sitiyari yana da ido ba sai ranar. Duk hanyar yana kallonsa, shi kuma yana tuƙi da fuska a karkace kamar mai wuce mugun kare. Kekuna na wuce shi, masu tura baro na yi masa tsiya.

Ya iso ana buɗe ƙofar falo. Maigida ya fito cikin manyan kaya, jaka a hannu, zai je wurin masu ba da aikin wata gada. Ya nufi ƙofar baya kamar kullum. Falwaya ya riga shi, amma ba ita ya buɗe ba. Ya buɗe ƙofar direba, ya riƙe ta da ladabi, ya ɗan rusuna, ya miƙa maƙulli.

"Ranka ya daɗe, yau kai za ka ja ni. Na yi marmarin tuƙinka."

Maigida ya yi dariya. "Kyaftin, bar wasa, na makara."

"Ba nisa. Daga nan zuwa bakin titi kawai. Ni zan zauna a baya."

Dariyar ta tsaya a rabi. Maigida ya dubi kujerar, ya dubi sitiyarin, ƙafarsa ko motsi ba ta yi ba. Maigadi da ke riƙe da ƙyauren gida ya sunkuyar da kai.

"Ina ka kai motar nan?"

"Inda ka ce kada in kai ta."

Falwaya yana jira. Ya gaya mana daga baya cewa a lokacin addu'a yake yi mutumin ya yi masa ƙarya mai kyau, ya ce bai fahimci matar ba, ko ya ce ya manta. Da ya karɓa da hannu biyu.

Maigida ya share gumi ya ce, "Haba mutumina. Ai abin ba kullum yake tashi ba. Kuma na san hannunka, kai ba ka karo. Ba ni na ce ka ja kujera baya ba? Ba ni na saya maka tabarau ba?"

Falwaya ya ɗaga kai ya dube shi, dogon kallo, har wuyansa ya ƙage.

"Ƙwaro," ya ce.

Maigadi ya saki ƙyaure.

"Ƙwaro, da ka ce mini, mutumina, ga abin da ke cikin sitiyarin nan, ga kuma gadar da nake nema, wallahi da na ja ka. Ka san da na ja ka. Shi ya sa ban gane me ya hana ka faɗa ba."

Ya cire tabarau ya ajiye a kan kujera. Ya ciro igiyar daga wuyansa ya ɗora maƙulli a kai. Ya ɗauki ɗan matashin da matarsa ta ɗinka, ya saƙale a hammata, ya fita. Maigida na kiran Kyaftin, Kyaftin, bai waiga ba.

Uwar Biyu na kan keken ɗinki ya shigo da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba. Da ta ji labari ta tashi da almakashi a hannu, sai da maƙwabta suka tare ƙofa. Ta ce, "Ni ya sa na ɗinka matashin! Da hannuna na gyara maka zama a bakin bindiga!" Gwaggo kuwa ba ta ce na gaya maka ba. Ta jawo kansa ta shafa fuskarsa tun daga goshi har haɓa, kamar tana ƙirga kayanta ko sun cika. Mu ma da muka zo da tsiya a baki, muka haɗiye abarmu.

Abin da ya fi ci masa rai sai washegari ya zo. Maigadi ya aiko cewa tun a yammacin aka ja wa Giwa tamfol, kamfani ya kawo kwalin ashana, kuma a cikinsa Maigida ya je ya samo gadarsa. Falwaya ya daɗe yana kallon bango. Ya ce, "Ashe tana ajiyuwa."

Yanzu motar gidan burodi yake ja, wata tsohuwa mai tari, wadda in ta hau tudu sai an yi mata magana mai daɗi. Ya jawo kujera gaba har sitiyari na goga masa maɓallin riga, ya ce a nan Allah ya ajiye shi. An aiko masa da saƙon ban haƙuri ta bakin tsofaffin 'yan tasha, ya ce su gaida mai saƙon. Har yau muna tsokanarsa da tsani, da hula, da komai, amma ba wanda ya sake kiransa Kyaftin, kuma ko rana za ta narka kwalta ba ya sa tabarau.

Hanyar rabon burodinsa ta gaban gidan take bi. Kwanaki ya hango Giwa ta saman katanga, tamfol ya zame, ƙura ta yi mata hula. Ya wuce, ya dawo da baya, ya yi wa maigadi hon.

"Ana tayar da ita kuwa?"

"Wa zai tayar, Baba Falwaya? Maigida dai ya ce in riƙa ɗumama ta, in ɗan zagaya layi da ita saboda tayoyi."

"Ya gaya maka abin da ke cikin sitiyarin?"

Maigadi ya ce ya ji rigimarsu a ranar, amma bai gane kanta ba.

Falwaya ya kashe motar burodi, ya jefo kansa ƙasa, ya kama hannun maigadi ya ja shi inuwa.

"Zauna in gaya maka," ya ce. "Ka tayar da ita, ita ba ta yi wa kowa ƙarya ba. Amma ba za ka fita da ita ko'ina ba. In kuma ya ce maka kai kaɗai ya yarda da kai, ka tambaye shi dalili."